Zuwa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano: a tattara tsofaffin hotunan garin nan tun masu gane su suna raye

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe shugabanni da ma'aikatan wannan hukuma da ke Gidan Ɗan Hausa. Ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya taimaka. Ni dai ba kowa ba ne, ba ɗan jarida ba ne ban kuma yi karatun tarihi a jami'a ba, tela ne ɗan cikin gari, a nan aka yanke min cibiya a nan nake neman abinci. Na rubuto a fili ne don ina so masu tsara birni da fada da mutanen Gidan Makama su ma su ji, amma ku na sa a gaba tunda ku ne kuke ɗauke da sunan tarihi.

Abin da ya tunzura ni shi ne, kwanakin baya bayan an yi sadakar arba'in ɗin kakarmu Allah ya jiƙanta, ana kwashe kayan ɗakinta sai aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, a ciki ban da tsofaffin zannuwan saƙi da wasu tasoshi sai ga gwangwanin biskit cike da hotuna fari da baƙi, wasu gara ta ci gefensu wasu kuma danshi ya sa sun manne da juna in ka ce za ka raba sai fuskar mutum ta ɓare ta bi ɗayan. Muka baje su a tabarma a tsakar gida, yara na ta dariyar hulunan da da manyan wanduna, ni kuwa wallahi ba mutanen nake kallo ba, abin da ke bayansu nake kallo, garin.

Akwai guda ɗaya da ya hana mu barci. Kakanmu ne yana saurayi ya riƙe keke a gaban wata ƙofar gari ta ƙasa, ƴar matsattsiya, ga jaki da mangala yana fitowa daga ciki, badala ta tashi hagu da dama kamar tsauni. Ba a rubuta komai a bayansa ba. Yayana ya ce Ƙofar Na'isa ce, ni na ce Ɗan Agundi, gwaggonmu ta rantse Gadon Ƙaya ce don a cewarta ta nan yake bi zuwa gona. Dukkanmu fa ƴan gari ne, kullum sai mun ratsa ƙofofin nan a adaidaita, amma aka rasa mutum ɗaya da zai ce ga ta da hujja. Sai washegari na ɗauki hoton na kai wa Baffa, ƙanin kakan namu, ya haura 90 idonsa ma ya yi rauni ba ya ganin hoton sosai, sai ya ce in faɗa masa abin da na gani. Ya ce akwai rimi ta hannun dama? Na ce akwai. Ya ce ƙasan hoton ruwa ne ko fili? Na ce kamar bakin kududdufi. Ya yi shiru can ya ce Na'isa ce, har ya ba ni labarin mai gadin ƙofar na lokacin da inda masu itace suke sauke kaya. To ranku ya daɗe ku duba, ita wannan ƙofar an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi aka gina sabuwa, rimin babu shi, ruwan an cike, wato da Baffa ya riga mu gidan gaskiya kafin a buɗe adakar nan shi kenan hoton ya zama na wani saurayi da keke a gaban wani gini, ba mai iya cewa ga inda yake.

Shi ya sa na ce bari in yi magana. Hoto ba ya faɗin sunan kansa, sai an samu wanda ya taka wurin da ƙafarsa ya ce nan ne kaza, kuma masu wannan sanin kullum raguwa suke, duk jana'izar dattijo da muka raka Ɗandolo ko wata maƙabarta mun binne taswirar wata unguwa tare da shi.

Tun daga ranar na kamu da ciwon neman tsofaffin hotunan Kano, duk wanda na gani a Facebook sai na ajiye a waya, in na samu sarari ranar Juma'a in je in tsaya daidai inda nake zaton mai hoton ya tsaya in gwada da yanzu. Abin da ya fi ba ni mamaki hotunan da aka ɗauka daga kan Dala. A na da za ka ga gari gaba ɗaya launi ɗaya ne, jar ƙasa, soraye da zankwaye da indararo sun leƙo, dabino da rimi da kuka jefi-jefi, sannan ga wani abu da yaran yanzu ba za su yarda ba, wato gonaki da fili fetal a CIKIN badala, ta wajen Goron Dutse har zuwa Kabuga da Kansakali duk fili ne, don waɗanda suka ja ganuwar sun yi lissafin in aka yi wa gari ƙawanya da yaƙi a samu inda za a yi noma a ci. Tun Baturen nan matafiyi Barth da ya zo a 1851 ya hau Dala ya zana garin haka ya gan shi. Yau ka hau dutsen nan ba abin da za ka gani sai kwano da bulo da tankunan ruwa da ƙarafunan sabis har iya ganinka, ko ina badalar ta bi ma sai ka yi da gaske za ka gane.

Ita badalar nan fa ba jiya aka yi ta ba. Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka zo aka faɗaɗa zamanin Muhammadu Rumfa, aka kuma ƙarawa daga baya. Turawan da suka ci Kano a 1903 sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kuma tun 2007 sunanta yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana fatan a sa su a kayan tarihin duniya. To amma wa ya cinye ta? Kar mu yi ta ɗora wa gwamnati ita kaɗai, gaskiya ɗaya ce, mu ma mun ci rabonmu. Mai gini ya je da dare ya sari ƙasa, wani ya mayar da gindinta juji, wani ya kafa kes, gobe kes ya zama shago jibi shago ya zama bene, daga sama kuma aka yanka filotai aka raba. Ni kaina ina yaro mun sha hawa muna zamiya a kanta muna gutsure ta, ba wanda ya taɓa ce mana wani abu ce mai daraja.

Kuma don Allah kar a ɗauke ni cikin masu cewa komai na da shi ne mai kyau, a'a. Na ga hotunan lungunanmu da damina, taɓo har gwiwa, kwata a tsakiyar hanya, na kuma san yadda iyayenmu mata suka sha fama da yaɓen soro duk shekara da azara tana zubo da gara a kan gado. Wanda ya san goslon Ƙofar Nassarawa kafin a yi gadar sama ba zai ce a mayar da ita yadda take ba, haka Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa da Dangi, duk wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya zuwa Asibitin Murtala cikin cunkoso ya san amfanin titi mai faɗi. Gari mai rai dole ya motsa, ba zan ce a bar mutane miliyoyi su dinga bi ta ƙofar da aka yi don jaki da raƙumi ba. Abin da nake cewa kawai, in za a rushe a bar mana shaidar abin da aka rushe.

Ku ɗauki dalar gyaɗa. Kowa ya san hoton, yana littafin firamare yana kalanda, buhuna dubbai an jera sun tashi sama kamar dutse leburori na hawa da buhu a ka, ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas, harkar da ta tashi bayan layin dogo ya iso Kano a 1911 ta kuma ɗaga irin su Alhassan Ɗantata. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin hukuma, dala ta bi ruwa. To yau tara samari goma a Ƙofar Mazugal ka ce su nuna maka daidai inda dalar take tsayawa, ina tabbatar maka sai dai su kalle ka. Suna wucewa ta wurin kullum, babu ko ɗan allo da hoto a jiki da zai ce musu nan ne fa. Haka masallacin Juma'a na cikin gari, yawancinmu mun ɗauka tun fil azal haka yake da koren tulluwa da hasumiya biyu, alhali wannan ginin na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, wajen 1951, kafin shi akwai na ƙasa mai wata doguwar hasumiya mai kauri wadda ni sai a hoto na taɓa ganinta, na daɗe ina kallo ina cewa yanzu magina da tubali da hannu suka ɗaga wannan?

Wani abin ma dariya yake ba ni, sunaye sun fi gine-gine tsawon rai a garin nan. Yaro zai ce maka zai je Wapa canjin dala bai san sunan gidan sinima ba ne. Kwandasta na ta ihun Bata Bata, kantin takalma ne fa asali. Tal'udu kuwa sunan kamfanin Turawa ne Taylor Woodrow bakin Bakano ya murɗe shi ya zama namu. Sinimar Palace ta zama asibiti, El Duniya kuwa gobara ce ta cinye ta a 1951 da mutum sama da 300 a ciki, tsofaffi har yanzu in suna lissafin shekaru sukan ce shekarar gobarar El Duniya. Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki, ina rijiyoyin? Unguwa Uku da Hotoro da Na'ibawa da Ɗorayi da iyayenmu ke kira ƙauye suna zuwa da keke cin kasuwa ko duba gona, yau kuɗin fili a can ya fi ƙarfin irina. A cikin gari ma sunan unguwa kaɗai ya isa ya gaya maka su waye suka zauna, Ayagi, Tudun Nufawa, Agadasawa, Zangon Barebari, Alfindiki, Dandalin Turawa wanda ba Turawan Ingila ake nufi ba Larabawan Tarabulus ne fatake. Sunan yana nan, gidajen da suka sa aka raɗa sunan ana ta sayarwa ana rushewa ana dasa rukunin shaguna, zaure mai daurin guga da aka yi wa ado da makuba katafila ta gama da shi kafin azahar.

Sai maganar kududdufai, wannan kam ba ta sha'awar tarihi ba ce kawai. A duk tsohon hoton Kano da aka ɗauka daga sama za ka ga ruwa fal-fal tsakanin unguwanni, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne suka zama matattarar ruwan sama. E suna tara sauro da shara, yara ma sun sha nutsewa a ciki, ban musa ba. Amma duk ruwan da ya sauko daga indararon unguwa nan yake tafiya ya kwanta. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cike da shara da ƙasa aka yi gini, ba a yi wa ruwan wata hanya ba, shi kuwa ruwa ba ya manta gidansu, duk Agusta sai ya dawo ya shiga ɗakunan mutane. Da injiniyoyin da ke zana magudanai suna da hotunan nan a gabansu da sun san inda ruwan yake nema. Kun ga ashe tsohon hoto ba kayan nishaɗin tsofaffi ba ne kawai, har kwalbati yana iya gyarawa.

Yanzu ina hotunan suke? Masu kyan dai yawanci Turawa ne suka ɗauka, ƴan mulkin mallaka da matuƙan jirgi da ƴan yawon buɗe ido, suna can a ajiye a Ingila da sauran ƙasashe, wasu na Kaduna a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Arewa House, wasu na rataye a Gidan Makama da nan wajenku. Amma Bature abin da ya burge shi yake ɗauka, fada da hawan sallah da Kurmi da karofin Ƙofar Mata da raƙuma. Bai shiga lungunmu ya ɗauki ranar suna ba. Waɗannan suna cikin adakoki da ƙasan katifa da tsofaffin albam a gidajen mutane, da kuma shagunan masu hoto na da na Sabon Gari da Fagge waɗanda waya ta kashe musu kasuwa. Na je neman wani tsohon mai hoto da ya yi wa gidanmu aiki shekara da shekaru, na tarar ya rasu, ɗansa ya ce min ai buhu biyu na fim ɗin hotuna suka zubar da za su mayar da shagon na cajin waya, wai ba su san yana da amfani ba. Ban ga laifinsa ba wallahi, wa ya taɓa gaya masa? Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 kaɗai Allah ya san irin abin da ta lashe na wannan fanni.

Waɗanda suka tsira suka hau intanet kuma wata sabuwar matsala ce. Hoto ɗaya na gan shi sau uku, wani ya rubuta Kano 1930, wani ya ce Zariya ce 1950, na uku ya ce Katsina, kowanne kuma da ɗaruruwan masu yaɗawa. Ga ƴan zamani da ke sa wa manhaja ta shafa musu launi, sai ka ga an yi wa soron ƙasa fenti ruwan ɗorawa an sa wa dattijo rawani shuɗi kamar leda, wasu ma ƙirƙirar hoton ake yi ɗungurungum a ce tsohuwar Kano ce. Nan da shekara 20 yaranmu ba za su iya raba na gaske da na bogi ba in babu wata hukuma da za a je a tambaya ta ce ga asalin.

To ga roƙona, kuma ban ga abin da zai ci kuɗi sosai a ciki ba, bai kai kuɗin fentin shataletale ɗaya ba. Ku ware ɗaki guda a Gidan Ɗan Hausa da kwamfuta da na'urar ɗaukar kwafin hoto da matasa biyu uku masu haƙuri, a yi shela a rediyo, don tsofaffinmu rediyo suke ji ba Facebook ba, a ce duk mai tsohon hoton da gari ya fito a ciki ya kawo a ɗauki kwafi a MAYAR masa da abinsa nan take. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙi, Bakano ba zai ba ka hoton babansa ka ce ya dawo sati mai zuwa ba, ya san halin ofis. Hotunan matan aure da na cikin ɗaki kuma wanda iyali ba su yarda a baza ba a mutunta, a ɗauki na waje kawai. Sannan kar ku zauna jiran a kawo, ku bi ta hannun masu unguwanni da dagatai da sarakunan ƙofa da Sarkin Magina, a ɗauki hotunan a kai su majalisun dattawa bayan la'asar a shimfiɗa musu, a kunna rikoda a bar su su yi ta musu, a cikin musun nan ake samun gaskiya, wannan ya ce gidan wane ne wancan ya ce a'a kai yaro ne lokacin. A rubuta unguwa, a rubuta shekara in an sani, in ba a sani ba a rubuta zamanin wane sarki, don su da sarauta suke lissafi, zamanin Alhaji Abdullahi Bayero, zamanin Sanusi, farkon Ado. Ɗaliban tarihi na BUK da na Maitama Sule suna nan suna neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga aiki har ya yi musu yawa.

Ɗaya roƙon ya fi wannan nauyi don sai kun haɗa kai da hukumar tsara birni ta KNUPDA da ma'aikatar ayyuka. A sa doka, duk titin da za a faɗaɗa, duk ginin gwamnati ko tsohon gida a cikin badala da za a rushe, kafin katafila ta taɓa shi sai ma'aikacinku ya je ya ɗauke shi hoto gaba da baya da ciki, ya sa kwanan wata ya ajiye. Aikin awa ɗaya ne da waya ma ana yi. Mun ga yadda aka kwana da shataletalen gidan gwamnati aka wayi gari babu shi a 2023, ba na shiga siyasar wa ya yi daidai wa ya yi kuskure, kowace gwamnati ta zo da nata ginin da nata rusau, ni dai abin da na lura hatta abin da aka gina jiya-jiya yana iya ɓacewa a dare ɗaya balle na shekara 500. Kuma abin da muke rainawa yau, layin adaidaita a Kwari, ƴan kura a Singa, masu shayi a bakin Bata, shi ne tsohon hoton jikokinmu. Acaɓa ma da aka hana a 2013 yanzu yaro ɗan shekara 10 bai san yadda titin Kano yake cike da su ba.

In hali ya yi kuma a kafa ɗan allo a bakin kowace ƙofa da hotonta na da a jiki, mai jiran adaidaita ya kalla ya kalli gabansa. Shi kansa gidan da kuke zaune a ciki ai darasi ne, gidan ƙasa ne da Baturen nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya zauna har ya buɗe makarantar boko ta farko a Kano a 1909, da an rushe shi an yi bene da yanzu sai dai labari, amma da yake an kula da shi ga shi nan ƴan makaranta na zuwa kallo.

Ni dai nawa gwangwanin yana nan na sa shi a leda na ɗora saman wardirob saboda danshi. Baffa ya gane min guda 11, na rubuta abin da ya faɗa a bayan kowanne da fensir. Saura guda 6 da ya ce idonsa ba zai iya ba, akwai wani da ake ganin wata doguwar mota ƙirar da tana tsaye a gaban kanti mai baranda, yana zaton Fagge ta Kudu ce amma bai tabbatar ba, ya ce in nemi wani abokinsa a Koki in yana da rai. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan je. In kun buɗe ɗakin ku sanar a rediyo, zan kawo su gaba ɗaya, in kuma kuna son jin bakin Baffa to ku hanzarta, da safe ya fi ganewa kafin rana ta yi zafi.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naku,
wani tela daga cikin badala